Inna Mas'uda, Wadda Ta Ɓamɓare Kwano Ta Mayar da Jinka

Inna Mas'uda ba ta taɓa ganye da sanyin safiya. In ta idar da sallar asuba ta gama laziminta, sai ta kunce awaki, ta share tsakar gida, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a bakin garkar da ke bayan ɗakinta a Wurma, tana jiran raɓa ta bushe. Ko me ake yi a gari ba za ta shiga ba sai ganyen ya sha iska. Daga nan ta ɗauki 'yar wuƙarta da faifai. Ɗoɗɗoya take fara dubawa, sai na'ana'ar da ke gindin randa, sai lalo da rama da yakuwa, ta ƙare da zogalen da ya zagaye danga. Ba ta tumɓuke komai. Kan reshe take yankewa, daidai saman ido biyu, don ya sake toho. Kafin hantsi ya yi zafi ta kai abin da ta yanka ɗakin shanya, ta tsince, ta baza a kan asabari hawa uku, ganye bai hau kan ɗan'uwansa ba. Da la'asar ta koma ta juya da hannu. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ka ga ta ɗauki ɗaya ta murje shi a jikin kunnenta.

"In ya yi magana, ya bushe," in ji ta. "In ya yi shiru, a ƙara mashi kwana."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan aiki.

Ni sunana Nuriyya. Malamar firamare ce ni a Dutsin-Ma, amma a Wurma aka haife ni, kuma danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Bana gwiwa ta hana Inna durƙuso, ta miƙa wuƙar ga surukarta. Na san babu wanda zai kafa rumfa ya jera kujeru don tsohuwa mai shanya ganye ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro. Akwai kuma dalili na biyu da ya fi ci mini rai. Har yau wasu na ce mata butulu saboda abin da ya faru shekara biyu da suka wuce. A gabana aka yi, da hannuna a ciki, kuma yau sai na faɗa. Wanda zai ji haushi ya ji.

Sai rani ya yi nisa ake sanin darajar Inna. Lokacin da ƙasa ta bushe, miya ta koma daga kuka sai kuka, lokacin ne ƙullinta ke shiga gidaje daga Wurma zuwa Kurfi har Dutsin-Ma. Ka kunce, ka ga ganye kore shar kamar jiya aka yanko shi, ƙamshi ya cika ɗaki. Ku da kuke cewa ai shanya kowa ya iya, ku bi hanya a lokacin kaka ku ga shanyar gefen kwalta. Mota na feshe ta da hayaƙi, akuya na ɗanɗanawa, rana na cinye launin, da yamma a tattara har da tsakuwa a zuba a buhu. Wannan ma shanya ce, na yarda. Amma don Allah kada a haɗa ta da ta Inna.

Priscilla, wata ma'aikaciyar jinya da aiki ya kawo Dutsin-Ma daga nesa, ta ce mini ranar da ta fara kunce ƙullin ɗoɗɗoyar Inna sai da ta zauna, don ƙamshin ya mayar da ita ɗakin girkin mahaifiyarta. Tun daga ranar ba ta yin farfesu da wata. A unguwarmu kuma duk matar da ta haihu, kafin a ɗora ruwan wanka na biyu ƙullin Inna ya iso, ba tare da an roƙa ba.

Ke ce mai inuwa, Inna. Ke ce ba ki taɓa barin rana ta ci amanar ganyenki ba.

Sirrin aikin yana cikin ɗakin shanya. Ɗakin laka ne da marigayi mijinta ya gina mata, mai ƙananan tagogi biyu da ke kallon juna, an rufe shi da jinkar shuci. Ko da rana ta take, ka shiga ciki sai ka ji sanyi. Iska na shiga ta fita ta cikin ciyawar, ganye na bushewa a hankali ba tare da ya dahu ba. Mu da muka tashi muna leƙa ɗakin mun san haka. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ne ɗanta.

Maniru ɗan farinta ne. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu: ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Tun yaye aka kai shi wurin kakarsa a Kurfi, can ya girma, ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a Dutsin-Ma. In ya zo gaishe ta, daga nesa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin Dutsin-Ma". Yana sonta, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma bai taɓa zama ya ga yadda ake shanya ba, ita kuma ba ta taɓa gaya masa ba.

A bazarar shekarar da abin ya faru, Inna ta tafi Kuki jinyar yayarta, ta yi wata guda. Ashe abokan Maniru sun daɗe suna yi masa tsiya, wai tela mai shago guda amma har yanzu akwai bunu a gidan uwarsa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauko kafinta, suka yaye jinkar, suka cinna wa tsohuwar ciyawar wuta, suka buga sabon kwano fari fat, mai ɗaukar ido tun daga bakin hanya. Ranar da Inna ta dawo mata suka tare ta da guɗa. Kowa na cewa barka, Allah ya yi wa Maniru albarka, kin haifi ɗa. Ta tsaya ta daɗe tana kallon rufin. Sannan ta ce, "An gode," ta shige ɗaki.

Ga abin da masu ce mata butulu ba su faɗa: ta gwada. Wallahi ta gwada. Yankan farko na damina ta baza shi ƙarƙashin kwanon kamar yadda ta saba. Da rana ɗakin ya zama tanda, da safe kuma kwanon ya yi gumi yana ɗiga a kan asabari. Kwana uku ganyen ya yi baƙi ƙirin, yana warin jiƙaƙƙen harawa. Ta zuba wa awaki, su ma suka shinshina suka kau da kai. Ta sake yanka, ta sauya lokacin shanya, ta rataya tsofaffin tabarmi a ƙarƙashin rufin. Na biyun ma ya lalace. A watan nan mutane suka riƙa zuwa da kwanukansu tana ce musu babu. A iya wayona ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba sai a lokacin.

Na ce mata, "Inna, ki ba su hakanan mana, ai a miya zai ɓace."

Ta harare ni. "Ke Nuriyya, haka kike koya ma ɗiyan mutane a makaranta? Abin da akuya ta ƙi shi zan ba maijego?"



Tunda ba za ta iya yi wa Maniru magana kai tsaye ba, sai ta aiki Malam Hashim, ƙanin mijinta, ya gaya masa an gode ƙwarai amma ɗakin na bukatar jinkarsa. Maniru ya ji kamar an mare shi. Ya ce, "Baffa, a ce na yi wa uwata rufi ta ce a cire? Da wane ido zan kalli mutane?" Ya ce kwano na nan daram. Ta aika wa kafinta, ya ce shi ba ya kwance aikin da ya yi. Ta kira Sodangi, tsohon da ke yi mata baibaya duk bayan shekara biyu. Ya sosa ƙeya ya ce shucin bana bai isa yanka ba, na bara kuma ya yi wuya, sannan shi dai ba da hannunsa za a taɓa kwanon Maniru ba.

Ga damina ta zo ƙarshe. Babban yanka na shekara, wanda ake ci har wata daminar, ana yin sa ne kafin ɗoɗɗoya ta yi fure. In ji Inna, da zarar ta yi fure ƙamshin ya gudu daga ganyen. Kawunan sun fara alamar huda. Kwana goma suka rage, in an yi sa'a. Ko dai ta bar kwanon ta rasa ganyen shekara guda, ko ta cire shi ta kunyata ɗanta a idon gari. Kowa ya san wanda ake jira ta zaɓa.

Ina gida hutun makaranta. Wata Talata da hantsi na ji ƙarar ƙarfe, na leƙa ta danga. Innalillahi! Tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai ce a saman tsani, ta ci ɗamara da gyale, hama a hannu, tana zare ƙusa. Kafin ka ce me, gidan ya cika. Wannan ya ce tsufa ya fara taɓa ta, wancan ya ce wasu na kuka ba su samu ɗan da zai yi musu ba. Ma'u, maƙwabciyarta ta gabas, ta tsaya a gindin tsanin tana tafa hannu.

"Haba Mas'uda! Ki ji tsoron Allah ki sauko. Ɗa ya yi maki sutura ki yaye ta a gaban jama'a?"

Inna ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ma'u, da ɗiyarki ta haihu bara, mi na aiko maki?"

"Ɗoɗɗoya."

"Ta yi daɗi?"

Ma'u ta daina tafa hannu.

"To riƙe mani tsanin."

Ma'u ta riƙe tsanin. Tana masifa, amma ta riƙe. Ni kuma na tsallaka na riƙa karɓar kwanon fallen-fallen. Ba ta jefar da ko ɗaya ba. Ta sa muka jera su a jikin bango, ta miƙar da ƙusoshin da dutse ta zuba a gwangwani, ta ce a ajiye wa mai su. Da azahar ɗakin ya zama ba rufi, sama a buɗe, hannunta na dama na jini inda kwano ya yanke ta. Ta ɗaure da tsumma ta je ta ba awaki ruwa.

Ke ce kika hau tsanin da maza suka ƙi hawa, Inna. Ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma nemi afuwar kowa ba.

Kada ku ɗauka abin bai dame ta ba. Labari ya kai Dutsin-Ma kafin la'asar, da ƙari da gishiri. Maniru ya daina kiran wayar ƙanwarsa da yake gaishe da Inna ta ciki. Ranar Juma'a, da ya saba zuwa, bai zo ba. Na ga Inna ta dafa abincin da take aika masa zaure, ta rufe da faifai, har ya huce babu wanda ya buɗe. Kowace safiya ta fito ta dubi gabas ko akwai hadari, ta dubi kawunan ɗoɗɗoya, ta koma ta zauna. Sodangi ya zaga bai samo ko dami ɗaya ba.

Ana cikin haka Hussaina matar Maniru ta haihu. Hutuna ya ƙare, zan koma Dutsin-Ma, sai Inna ta kira ni ta ba ni ƙulli biyu. Ɗaya ragowar ɗoɗɗoyar bara ce, ta ƙarshe da ta rage mata, wadda ta ɓoye a tulu tun da ta san surukarta na da ciki. Ɗayan kuma ɗan abin da ta ajiye ne daga baƙin ganyen nan.

"Wannan na maijego," in ji ta. "Wannan kuwa na mai kwano."

Na isa gidan na tarar da Priscilla ta zo duba jariri, don unguwarsu ɗaya. Ita ta fara kunce baƙin ƙullin. Ta yamutsa fuska ta ce, "Malama, wannan fa? Taba kika kawo wa maijego?" Hussaina ta kunce ɗayan, ƙamshi ya tashi har tsakar gida. Na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Hussaina yarinya ce mai hankali. Ba ta yi wa mijinta wa'azi ba. Da ya shigo, ta ajiye ƙullin biyu a gabansa ta ci gaba da shayar da ɗanta.

Ya ɗauki wannan ya shinshina, ya ɗauki wancan. Ya dube ni.

"Duka daga garka ɗaya?"

"Garka ɗaya, hannu ɗaya," na ce. "Rufin ne daban."

Ya daɗe yana murza baƙin ganyen a tafinsa. Can ya ce, "To mi ya hana ta gaya mani?"

Raina ya ɓaci, na manta ya girme ni. Na ce, "Yaya Maniru, yaushe ta taɓa gaya maka wani abu? Kai kuma yaushe ka taɓa tambaya?"

Washegari ya rufe shago, a makon sunan ɗansa, ga ɗinkin mutane jibge. Kwana biyu yana yawo a babur ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Zobe, gida-gida, yana neman wanda ya ajiye shucin bara. Ranar Asabar na koma Wurma da sassafe, don Hussaina ta raɗa mini cewa ya samo ciyawar. Ina nan a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Inna, an lafta mata ciyawa har tana rinjaya. Maniru ya sauko, ya durƙusa daga nesa kamar kullum ya yi gaisuwa. Ta amsa tana kallon randa. Ya tuɓe babbar riga, ya bi Sodangi saman ɗakin.

Ita kuwa ta koma kujerarta a bakin garka. Hadari na haɗuwa a gabas, kowa hankalinsa a tashe, ni har na ce mata ta fara yanka mana. Ta ce raɓa ba ta bushe ba. Sai da ta bushe ɗin sannan ta shiga, ta juya wa masu aikin baya, ta yi ta yanka har azahar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗoɗɗoyar ya riga ya yi fure, wannan ta bar shi ya zama iri. Sauran muka riƙa kwasa muna ajiyewa a zaure. A sama Sodangi na shimfiɗa yantar ciyawa, Maniru na ɗaurewa. Hannun tela ne, bai saba da ciyawa ba, duk ta yayyanke shi, amma ko sau ɗaya bai sauko ba.

Suna ɗaure kan jinkar iska ta taso. Muka shigar da ganyen a guje muka baza. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ruwan ƙarshe na shekarar. Inna ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon sama. Ko ɗigo. Ta miƙa hannu ta ja wata igiya da ƙarfi, ba ta motsa ba. Maniru na tsaye a bakin ƙofa ruwa na dukansa, bai shiga ba, bai tafi ba. Sai ta juya ta fuskanci bango, ta ce, kamar da bangon take magana:

"Wani ya iya ɗauri."

Ƙato mai shekara arba'in da wani abu ya sunkuyar da kai yana share fuska. Ruwa ake yi, don haka ba wanda ya ce komai.

Kwanon bai yi asara ba. Bayan sati biyu Maniru ya dawo ya buga shi a kan madafin Inna, wanda ya shekara shida yana yoyo ba wanda ya lura. A ranin nan kuma babu maijegon da aka ce wa babu.

To, ku masu cewa butulu, ga labarin gaba ɗaya, ku ci gaba da faɗa in kun iya. Amma ku sani, duk wanda ya ci miyar lalo a gidan Inna, ko matarsa ta sha farfesun ɗoɗɗoyarta, ya ci albarkacin ranar da ta hau tsani. Da ta yi shiru don a ce mata uwa tagari, da baƙin ganye za mu yi ta ci muna sa mata albarka. Ni dai ina tare da ita, jiya da yau, kuma ban janye ba.

Ku kuma matan da ke da ɗan fili a bayan ɗaki, ku shuka wani abu. Ku jira raɓa ta bushe, ku yanka kafin fure, ku nemi inuwa. 'Ya'yan da Allah ya buɗa wa, kafin ku gyara wa tsofaffinku wani abu, ku zauna ku ga me suke yi da shi. Hussaina na zuwa Wurma duk ƙarshen mako da ɗanta a baya, wuƙar na hannunta, Inna na kan kujera tana yi mata faɗa in ta yanka ƙasa da ido biyu. Ƙofa a buɗe take ga mai son koyo.

Mun gode, Inna Mas'uda. Allah ya sassauta miki gwiwar nan, ya ja kwananki, ya sa ki ga jikanki na murza ganye a kunne. Na san ba ki son yabo ido da ido, kuma in an karanta miki wannan za ki ce Nuriyya ba ta da aikin yi. To ba da ke nake ba. Na juya na fuskanci bango, da shi nake magana.

Wata ta iya shanya.